Tarko ba aikin rana ɗaya ba ne

Tsuntsun da ya tashi a tsibirin da babu ɓera ko kyanwa bai san gudu ba. Wasu a ƙasa suke sheƙa, wasu kuma, irin su kiwi na Niyuzilan, ko tashi sama ba sa yi. Da zarar jirgin ruwa ya sauke ɓera a irin wannan wuri, ƙwai da 'yan tsaki sun shiga uku.

Dabarar da ke fara zuwa wa mutane ita ce a kawo dabbar da za ta cinye ɓeran. Jama'a, a nan ake yin ɓarna. A 1949 an kai kyanwa biyar tsibirin Marion na Afirka ta Kudu don su kama ɓeraye. Kafin 1977 sun haura 3,000, kuma tsuntsayen teku suka koma ci, don sun fi ɓera sauƙin kamu. Sai 1991 aka gama da kyanwoyin. Haka aka kai tunku Hawai a 1883 saboda ɓerayen gonakin rake, alhali tunku da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare.

Abin da ke aiki ba shi da armashi. A 2016 gwamnatin Niyuzilan ta ɗauki alkawarin kawar da ɓeraye da wasu dabbobi masu farauta da aka shigo da su ƙasar kafin 2050, kuma mazauna unguwanni ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin. Ana sa tarko cikin akwatin katako mai ragar waya, da 'yar ƙofar da ɓera zai shiga amma hannun yaro ko tsuntsu ba zai kai ba. A shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, a jingina akwatin da katanga, domin ɓera gefen bango yake bi. Kowa ya rubuta abin da ya kama.

Wahalar ita ce ɗorewa. Cikin ɓera kusan mako uku ne kawai, saboda haka unguwar da ta yi sanyi ta daina duba tarko, nan da nan za ta koma gidan jiya.

Guba kuwa a bar wa ƙwararru, don mujiyar da ta ci ɓeran da ya sha guba ita ma tana iya mutuwa. Mai kyanwa ya kai ta wurin likitan dabbobi a tsayar mata da haihuwa, ya riƙa kulle ta da dare, kada kuma ya jefar da 'ya'yanta a daji.