Ba Zafin Rana Ke Ba Faifan Sola Ƙarfi Ba

Mutane da yawa a Damagaram, wato Zinder, sun daɗe suna ɗauka cewa zafin rana ne ke sa faifan sola ya ba da wutar lantarki, har ma a makaranta ana jin ɗalibai suna faɗin haka. Wannan kuskure ne. Haske faifan yake juyawa zuwa lantarki, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfinsa ne lokacin da zafin faifan yake digiri 25 a ma'aunin Celsius, kuma duk digirin da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, shi ya sa a bazarar Afrilu da Mayu, lokacin da Zinder ke wuce digiri 40, faifan da aka manna kan kwanon rufi ba tare da iska tana ratsa ƙarƙashinsa ba yake raunana. Ya kamata malamai su sa yara su gwada wannan da hannunsu.