Shari'ar Dover ta 2005 Kan Koyar da Juyin Halitta

Shari'ar Dover ƙara ce da iyayen ɗalibai su 11 suka shigar a kotun tarayya a jihar Pensilbaniya ta Amurka, suna ƙalubalantar hukumar makarantun garin Dover. Ita ce shari'a ta farko da kotun tarayya ta zauna ta duba ko ra'ayin da ake kira "tsarin Mai Hikima" kimiyya ne da za a iya koyarwa a makarantar gwamnati, ko kuwa aƙida ce ta addini.

Rigimar ta daɗe. Tun da Charles Darwin ya fitar da littafinsa a 1859, yana cewa jinsunan halittu sun samo asali daga tushe ɗaya kuma sun sauya a hankali cikin dogon zamani, Kiristoci da dama a Amurka ba su aminta a koya wa 'ya'yansu wannan ba. A 1925 aka gurfanar da wani malami, John Scopes, a jihar Tenesi saboda ya koyar da ka'idar, aka ci shi tarar dala 100. Kotun Ƙoli ta soke irin wannan haramci a 1968, sannan a 1987 ta rushe dokar jihar Luwiziyana da ta wajabta koyar da "kimiyyar halittar Ubangiji" kafaɗa da kafaɗa da ka'idar Darwin. Hujjar kotun ita ce gyara na farko ga kundin tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini.

Bayan wannan hukunci ne ra'ayin tsarin Mai Hikima ya yi ƙarfi. Masu shi ba sa ambaton sunan Allah. Cewa suke yi akwai sassan halitta da sarƙaƙiyarsu ta wuce a ce sun haɗu sannu a hankali, dole wani mai hikima ne ya tsara su. Masanin sinadaran halittu Michael Behe yakan kawo misali da siririyar jelar da wasu ƙwayoyin bakteriya ke juyawa don su yi iyo: a ganinsa, idan aka cire sashe ɗaya, duka ta daina aiki.

A Oktoban 2004 hukumar makarantun Dover ta amince, da ƙuri'a 6 da 3, a sauya manhajar nazarin halittu, sannan a Nuwamba aka sanar cewa za a riƙa karanta wa ɗaliban aji tara wata gajeruwar sanarwa a darasin nazarin halittu. Sanarwar ta ce ka'idar Darwin tana da giɓi, kuma mai son wani bayani daban ya nemi littafin Of Pandas and People, mai bayanin tsarin Mai Hikima, a makarantar. Malaman kimiyya suka ƙi karantawa, sai jami'an gudanarwa ne suka shiga aji suka karanta.

An fara sauraron ƙarar a birnin Harrisburg a Satumban 2005, aka shafe kusan mako shida. Shaidar da ta fi girgiza shari'ar ta fito daga bakin Farfesa Barbara Forrest, wadda ta bi tsofaffin daftarin littafin ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna cewa bayan hukuncin 1987 aka bi shafukan ana goge kalmomin da ke nufin halittar Ubangiji ana maye gurbinsu da na tsarin Mai Hikima, bayanin kuwa yana nan yadda yake. An kuma gano cewa a coci aka tara kuɗin sayen littattafan. Shi ma Behe, wanda ya ba da shaida a ɓangaren hukumar, da lauya ya matsa masa da tambayoyi, ya amsa cewa bisa ma'anar da ya ba ka'idar kimiyya, bokancin duban taurari ma zai iya shiga ciki.

Ranar 20 ga Disamba, 2005, Mai shari'a John E. Jones III, wanda Shugaba George W. Bush ya naɗa, ya yanke hukunci mai shafi 139: matakin hukumar ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Abin da mutane da yawa ke tsallakewa, kuma shi ne mafi muhimmanci, alƙalin bai ce babu Mahalicci ba. Ya ce kotu ba ta ɗauki matsaya kan gaskiya ko rashin gaskiyar ra'ayin ba. Abin da ta tabbatar shi ne ba kimiyya ba ne, domin ba a iya gwada shi da hanyoyin bincike. Cikin masanan da suka ba da shaida a ɓangaren iyayen ma har da Kenneth Miller na Jami'ar Brown, ɗan Katolika mai riƙo da addininsa.

Damuwar iyayen da ke tsoron makaranta ta raba 'ya'yansu da imani ba abin wasa ba ce, kuma hukuncin bai kawar da ita ba. Amma hanyar da hukumar ta bi ta jawo mata asara: alƙalin ya ce wasu mambobinta sun yi ƙarya bayan sun yi rantsuwa, mutanen gari sun kayar da takwas daga cikinsu a zaɓen Nuwamba tun kafin a yanke hukunci, kuma gundumar ta biya sama da dala miliyan 1 na kuɗin lauyoyi. Sabuwar hukumar ba ta ɗaukaka ƙara ba, don haka hukuncin bai zama doka ga sauran jihohi ba. Muhawarar ta koma majalisun jihohi, inda Luwiziyana a 2008 da Tenesi a 2012 suka yi dokokin da ke ba malamai damar kawo suka ga ka'idar juyin halitta a cikin aji.