Wanke hoto da ƙaro

Wanke hoto da ƙaro hanya ce ta fitar da hoto a kan takarda da hannu. Ana haɗa ƙaro da launi da gishirin dayikromet, wani sinadari mai kama haske, a shafa wa takarda, a ɗora negatif a kai, wato hoto a kan leda mai haske wanda farinsa ya koma baƙi, baƙinsa ya koma fari, a shanya a rana, sannan a wanke da ruwa zalla. Inda haske ya taɓa, ƙaron yakan daskare ya riƙe launi, inda bai taɓa ba ruwa ya tafi da shi. Tana cikin dangin hanyoyin ƙarni na 19 da masu fasaha suka farfaɗo da su, irin su sayanotaif mai launin shuɗi da bugun filatinam. Ta bambanta da hoton studiyo na gishirin azurfa, irin wanda mai ɗaukar hoto Rashid Mahdi ya shahara da shi a garin Atbara na Sudan, domin ba ta buƙatar ɗakin duhu ko na'urar faɗaɗa hoto. Sharaɗinta shi ne negatif ya zama daidai girman hoton da ake so.

Tarihi

A 1839 Mungo Ponton na Sukotlan ya gano cewa takardar da aka jiƙa da fotashiyam dayikromet tana sauya launi a rana. A 1852 William Henry Fox Talbot ya lura cewa jelatin da ƙaro, in aka gauraya su da wannan gishiri, ba sa narkewa bayan sun sha haske. Alphonse Poitevin na Faransa ya ƙara launi cikin haɗin a 1855, John Pouncy na Ingila kuma ya nuna hotunan ƙaro a 1858. Hanyar ta yi kwantai har shekarun 1890, lokacin da Robert Demachy da ire-irensa suka rungume ta saboda tana ba su damar sa hannu a hoto kamar masu zane. Wani hoton tafki da Edward Steichen ya yi a 1904, wanda ya ɗora ƙaro a kan filatinam, an sayar da shi dala miliyan 2.9 a 2006.

Ƙaron da ya dace

Mafi yawan ɗanyen ƙaron da ake fitarwa kasuwannin duniya daga Sudan yake, daga Kurdufan da Darfur da yankunan Gadarif, Sinnar da Shuɗin Nilu, wuraren da Hausawa manoma suke da yawa. Kasuwar El-Obeid ita ce ta fi suna, kodayake yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula cinikin. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai hashab, wanda ake samu daga dakwara, akwai kuma talha, na bishiyar dushe. Ana tsaga bawon dakwara wajajen Oktoba da Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, a dawo tsinta bayan mako 4 zuwa 6.

Hashab ake nema don hoto: dunƙule mai tauri, mai haske, fari-fari ko ruwan zuma. Talha yana da saurin farfashewa, ya fi duhu, kuma yakan kwaso sinadarin jima daga bawo, wanda ke sa farin takarda ya dafe. Garin ƙaro da ake sharowa daga ƙasan buhu ya fi araha, amma yashi da ɓawo sun yi masa yawa, tacewarsa ta fi ribarsa wahala.

Ana daka giram 100 sama-sama, a ƙulle a ƙyalle mai laushi, a rataya cikin ruwan sanyi mililita 200 zuwa 250 a kwalba mai murfi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai narke ya bar dattin a ƙyallen. Ba a tafasa shi. Kaurin da ake so ya yi kusa da na ƙaron da maɗaba'u ke saye mai lamba 14 a ma'aunin Baumé. A zafin Khartum ruwan ƙaro yakan yi tsami cikin 'yan kwanaki, kuma ƙaro mai tsami yana daskarewa da dayikromet tun kafin ya ga rana. Don haka a ajiye shi a firji, ko a riƙa haɗa ɗan abin da za a ƙarar cikin mako.

Takarda da shirya ta

Takardar auduga ta masu zanen launin ruwa, mai nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, ita ce ke jure jiƙawa sau da yawa. Kafin komai ana tsoma ta a ruwan zafi na minti 20 zuwa 30 a shanya. In ba a yi haka ba za ta tsuke bayan wankin farko, shafi na biyu ya ƙi hawa daidai kan na farko.

Daga nan sai a toshe ƙofofinta, don kada launi ya shige cikin zare ya ƙi fita. Abin da aka saba shi ne jelatin giram 30 cikin ruwa lita 1: a jiƙa shi da ruwan sanyi ya kumbura, a ɗumama har ya narke, a shafa da ɗumi. Jelatin da ba a taurara ba yana narkewa da zarar ruwa ya haura digiri 30 kaɗan, ruwan tankin saman ɗaki kuwa a watan Mayu ya wuce haka nesa. Saboda haka taurarawa da sinadarin giliyokzal ko fomalin wajibi ne a Sudan, kuma a sarari ake yi, don tururinsu na cutar da huhu da ido. Mai gudun waɗannan, ko mai shakkar dabbar da aka yi jelatin da ita, yana iya neman na kifi ko na shanu, ko ya koma ga farin gam na PVA da aka tsinka da ruwa sosai. Gam ɗin in ya yi yawa takarda takan yi santsi, hoto ya zame daga kanta.

Haɗi da shafawa

Gishirin da ke kama haske iri biyu ne. Fotashiyam dayikromet, K₂Cr₂O₇, ana narkar da giram 10 cikin ruwa mililita 100, wanda ya kusa iyakar abin da ruwa zai ɗauka. Amoniyam dayikromet yana narkewa kusan ninki uku, ya fi saurin kama haske, amma ya fi saurin dafar da takarda a lokacin zafi. Na fotashiyam ya fi sauƙin sarrafawa a yanayin Sudan.

Launi kuwa dole ya zama gari wanda ba ya narkewa. Rini ba ya yi, domin yana kama zaren takarda ko'ina. Launin ruwa na bututu shi ne mafi sauƙi: kimanin giram 1 cikin ruwan ƙaro mililita 10. Baƙin hayaƙin fitila yana da ƙarfi, rabin wannan ma ya isa. Wanda ya san tawadar allo ta makarantun Alƙur'ani, wadda ake yi da baƙin hayaƙi da ƙaro, ya riga ya san rabin wannan haɗi. Jar ƙasa da rawayar ƙasa ma suna aiki in an niƙa su lilis an tace, sai dai kowace ƙasa sai an gwada ta. Ana zuba ruwan dayikromet daidai da yawan ƙaro mai launi. Mililita 5 na kowanne zai wadaci takarda biyu ko uku masu girman A4.

Ana shafawa a ɗaki mai raunin haske, nesa da taga da fitilar bututu. Burushi biyu ake amfani da su: ɗaya ya baza haɗin da sauri tsaye da kwance, na biyu busasshe mai laushi ya share layukan. Duka aikin bai kamata ya kai minti biyu ba. A lokacin ɗari, da iska ta bushe ƙarau a Omdurman ko Kasala, haɗin yakan fara kamewa a ƙarƙashin burushi ya bar zane-zane. Maganinsa a ɗan ƙara ruwa, ko a goga wa bayan takarda soso mai laima kafin a fara. Shafin ya zama siriri yadda za a iya hango layin fensir a ƙarƙashinsa. A busar da fanka a wuri mai duhu, ba da iska mai zafi ba. Ranar habub, wato guguwar ƙura, a haƙura da aikin, don duk ƙurar da ta sauka kan ɗanyen ƙaro tabo za ta zama.

Shanya a rana

Negatif na zamani ana yinsa ne a kwamfuta: a juya hoto fari ya koma baƙi, a juya dama ta koma hagu, a buga a kan leda mai haske. Ƙaro yana son negatif mai taushi, wanda tazarar duhu da haskensa ba ta da yawa. Ana kifa fuskar tawada a kan fuskar ƙaro, a danne da gilashi mai kaurin milimita 4 zuwa 6 a kan katako, a matse da maƙalai. Duk inda aka bar rata hoton zai yi hazo.

Hasken da ke aikin shi ne na UV da shuɗi. A ranar Sudan minti 1 zuwa 4 ya kan isa, amma babu lissafin da ya kai gwaji: a rufe tsirin takarda da kwali ana janyewa duk bayan daƙiƙa 30, a wanke, a zaɓi matakin da ya fi. Rana tsaka tana gasa gilashi, zafin kuma shi kaɗai yana daskarar da ƙaro har a ƙarƙashin baƙin negatif. Hantsi ya fi, ko inuwa mai fuskantar buɗaɗɗen sama tare da ƙarin lokaci. Laima tana ƙara wa ƙaro saurin kama haske, don haka lokacin da aka auna a watan Janairu zai yi yawa a damina a Damazin ko Mai Wurno. Takardar da aka shafa kuma ba ta kwana. Dayikromet yana ci gaba da aiki a cikin duhu, kuma zafi da laima na hanzarta shi, don haka a shanya cikin awa guda da bushewa, a wanke nan take.

Wanki, da abin da ke ɓaci

Ana tsoma takarda fuska sama har ta jiƙu, sannan a kifa ta a kan ruwa mai sanyi a daro, a bar ta. Ruwan randa, wadda 'yan Sudan ke kira zir, ya fi na famfo dacewa. Dayikromet zai fara fita rawaya, launi ya biyo baya. Ana sauya ruwa duk minti 10, aikin ya kammala cikin minti 30 zuwa 60. Jiƙaƙƙen ƙaro yana da rauni ƙwarai, ɗigon ruwa ma yana iya huda shi, kuma wannan raunin ne masu gwaninta ke amfani da shi su haskaka fuska ko gajimare da burushi mai laushi. Ruwan Shuɗin Nilu na watannin Yuli zuwa Satumba laka ce, sai an bari ya kwanta an tace.

Babbar matsalar hanyar tana cikin yadda haske ke shiga. Daskarewa daga sama take farawa ta gangara zuwa takarda. In shafi ya yi kauri ko launi ya yi yawa, saman zai taurara alhali ƙasan da ke manne da takarda yana nan ɗanye, ruwa ya shiga ta ƙarƙashi ya ɓamɓare hoton ɓawo-ɓawo, musamman a matsakaicin haske. Sababbin shiga sukan ɗauka ƙarancin rana ne su ƙara lokaci, alhali rage launi ake buƙata. Idan hoto ya narke gaba ɗaya cikin minti biyar, wannan ne ƙarancin rana. Idan ya ƙi sakin komai bayan awa guda, rana ta yi yawa ko takardar ta daɗe a ajiye. Idan siffa ta fito amma fari ya dafe da launi, toshin takarda ne bai isa ba, ko ƙaro ya yi wa launin kaɗan.

Wannan ya sa shafi ɗaya ba ya ba da baƙi mai zurfi tare da laushin inuwa. Ana maimaita aikin sau 3 ko fiye a takarda guda: launi kaɗan da rana mai tsawo don wurare masu haske, launi mai yawa da gajeriyar rana don duhu. Ana huda negatif da takarda da allura a kusurwa biyu don a riƙa mayar da shi gurbinsa. Bayan shafi na ƙarshe ya bushe, ragowar rawayar dayikromet tana fita in an jiƙa hoton a ruwan sinadarin fotashiyam metabaisalfait, giram 10 zuwa 30 a lita, na 'yan mintoci, sannan a ɗauraye.

Haɗa shi da sayanotaif

Sayanotaif, wanda John Herschel ya ƙirƙiro a 1842 kuma Anna Atkins ta yi hotunan tsiran teku da shi daga 1843, shi ne shimfiɗar da aka fi yi wa ƙaro. Ana narkar da koren ferik amoniyam sitret giram 25 a ruwa mililita 100, da fotashiyam ferisayanaid giram 10 a wani mililita 100, a haɗa su daidai wa daida lokacin shafawa. Yana ɗaukar minti 5 zuwa 20 a rana. Shuɗinsa ba ya shiri da kanwa ko duk wani abu mai irin halinta: takardar da aka sa wa alli da ruwan rijiya mai zartsi duk suna kodar da shi, don haka ake ɗiga ruwan khal (binega) ko lemun tsami a ruwan wankin farko. Ana iya mayar da shi ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi da baƙin shayi ko jiƙon bagaruwa, wadda 'yan Sudan ke kira garad.

Don hoto mai launuka ana raba hoto gida uku a kwamfuta. Sayanotaif ya ɗauki shuɗi, sannan ƙaro mai rawaya, sannan ƙaro mai ja-ja, kowanne da negatif ɗinsa.

Haɗari

Dayikromet guba ne. Yana jawo ciwon daji, yana cin fata ya bar gyambo, kuma 'yan giram kaɗan in aka haɗiye suna kisa. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi tun Satumban 2017, abin da ya sa wasu suka koma ga wani sinadari mai kama haske da ake kira DAS, wanda ya fi dacewa da jelatin. Ana aiki da safar hannu ta roba da tabarau, ana auna garin inda ba iska tare da rufe hanci, kuma kwano ko cokalin da ya taɓa shi ba ya komawa kicin. Launinsa na lemo yana ruɗar yara, don haka a kulle kwalbar da rubutu a jikinta. Ruwan wankin farko da na biyu ba a zubar da su kusa da rijiya, hafir (tafkin tara ruwan sama) ko magudanar gona. Ana tara su a bokiti, a zuba metabaisalfait da ɗan ruwan khal har rawaya ta koma kore, alamar kuromiyam ya sauya zuwa nau'in da bai kai wancan illa ba, sannan a sa sodar wanki ya kwanta, a tsiyaye ruwan, a busar da lakar a rufe ta a kwalba.