Cutar Fumfuna Mai Shiga Jiki a Masu Sankarar Jini

Fumfuna, wadda ake gani a kan burodi ko masarar da ta kwana cikin danshi, tana da ƙwayoyi masu yawo a iska, kuma kowa na shaƙarsu kullum. Mai lafiya ba ya ko sani, don fararen ƙwayoyin jininsa na kashe su. Mai sankarar jini kuwa ba shi da wannan kariya: ciwon ya ci ɓargo, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya ƙara karya garkuwar jiki. Sai fumfunar ta kafu a huhu, ko ta bi jini zuwa hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan ba irin makero ba ne da ke tsayawa a fata.

Haɗarin ya fi yawa idan fararen ƙwayoyin jinin da ake kira niyutrofil suka faɗi ƙasa da 500 a kowace maikrolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini, suka kuma daɗe a haka fiye da kwana goma. Haka ma waɗanda aka yi wa dashen ɓargo da masu shan sitiroyid na dogon lokaci.

Aspergillus, wani nau'in fumfuna, ya fi kama huhu. Candida, wani nau'in kuma, tana zaune a hanjin mutum tun asali, sai kemo ya sassaɓe hanjin ko robar ƙarin ruwa ta buɗe mata hanya, ta faɗa jini. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu barazana, ta sa Aspergillus fumigatus da Candida albicans a sahun farko.

Ganewa ita ce wahalar. Alamarta zazzaɓi ne da ya ƙi sauka bayan kwana huɗu ana ba da maganin bakteriya, da tari, wani lokaci har da jini. A Kumasi da Akra, inda aka saba da maleriya da tarin fuka, tunani kan fara zuwa can, lokaci na wucewa. Manyan asibitocin koyarwa na Komfo Anokye da Korle Bu ne ake tura masu sankarar jini. Ana neman cutar da hoton siti (hoton cikin jiki) na ƙirji da gwajin galaktomanan, wani sinadarin jikin Aspergillus.

Borikonazol ne maganin farko ga Aspergillus; fulukonazol, duk da arahansa, ba ya taɓa shi. Amfoterisin B na da ƙarfi amma yana wahalar da ƙoda.

Mai sankarar jini a unguwar Aboabo ta Kumasi ko Nima ta Akra, a nisanta shi da ƙurar gini, bola da rumbun hatsi.