Bambancin Sakamakon Jarrabawar Ɗalibai Tsakanin Yankuna

Bambancin sakamakon jarrabawa tsakanin yankuna shi ne ratar da ake gani a matsakaicin makin ɗalibai idan aka jera jihohi, larduna ko gundumomin ƙasa guda. Kusan duk ƙasar da ke auna yaranta da ma'auni ɗaya tana cin karo da wannan rata, wani lokaci ma ta kai wadda ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Da yake taswirar maki kan yi kama da taswirar arziki, da ta ƙabilu, har da ta zaɓe, batun ya zama abin ja-in-ja tsakanin masu bincike da 'yan siyasa. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai shi ne, kaso mafi girma na ratar yana biyo halin gidajen da yaran suka fito da kuma waɗanda aka zaunar jarrabawar. Hannun gwamnati yana nan, amma sai an tace waɗannan biyun kafin a gan shi.

Ma'aunan da ake amfani da su

Jarrabawar da kowace jiha ke shirya wa kanta ba ta amfani wajen kwatanci, domin kowa da inda ya ajiye makin tsallakewa. Ana dogara ne da jarrabawar samfuri, wadda ake zaɓo makarantu da ɗalibai ta hanyar ƙuri'a, kuma makinta ba ya shiga takardar shaidar kowa.

A duniya akwai jarrabawar PISA, wadda ƙungiyar OECD ta haɗin gwiwar tattalin arziki, da galibin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta fara a 2000. Tana auna 'yan shekara 15 a karatu, lissafi da kimiyya, kuma tun farko an ɗora matsakaicin ƙasashen ƙungiyar a kan maki 500. Ƙasar da ke son ganin sakamakon yankunanta ɗaya bayan ɗaya sai ta ƙara yawan makarantun da ake zaɓowa a kowane yanki. A Amurka akwai NAEP, jarrabawar samfuri ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta fara a 1969. An soma fitar da makin jihohi a 1990, sannan daga 2003 ya zama dole kowace jiha ta shiga gwajin karatu da lissafi na aji huɗu da aji takwas duk bayan shekara biyu.

Inda ratar ta fi bayyana

A Italiya, arewa tana gaba: Trento, Bolzano, Veneto da Lombardiya kan yi kafaɗa da kafaɗa da ƙasashen Turai masu maki mai yawa, yayin da Kalabriya, Sisili da Kampaniya ke can baya. A Jamus, inda jihohi 16 ke riƙe da ragamar ilimi, sakamakon PISA na farko da ya fito a ƙarshen 2001 ya girgiza ƙasar, sai kuma kwatancin jihohi ya nuna Bavariya a sama, Bremen a ƙasa. Daga baya Saksoni ta shiga sahun gaba. A Beljiyam makarantun masu magana da Filemish sun daɗe suna gaban na masu magana da Faransanci. A Sifaniya Kastiya da Liyon kan wuce Andalusiya da tsibiran Kanari, kuma masana tarihi sun lura cewa wannan jeri yana kama da na yawan masu iya karatu da rubutu a ƙarni na 19. Wato ratar ta girmi duk gwamnatocin da ake ɗora wa laifinta. A Amurka Masachusets ce ta fi yawan zama ta ɗaya, su Niyu Meziko da Bajiniya ta Yamma kuma suna wajen ƙarshe.

Halin gida

Tun a 1966 rahoton James Coleman, wanda ya duba ɗalibai sama da 600,000 a Amurka, ya nuna cewa halin iyali ya fi kayan makaranta bayyana bambancin maki. An yi ta gardama kan hanyar da ya bi, amma jigon maganar bai rushe ba. Abubuwan da suka fi nauyi su ne zurfin ilimin iyaye, kuɗin shigarsu, irin aikinsu, da ko harshen gida shi ne harshen jarrabawa. PISA tana haɗa ilimin iyaye, aikinsu da kayan gida irin su littattafai cikin ma'auni guda, don a iya kwatanta yaro da tsaransa a arziki.

Talauci ba ya aiki a kan yaro shi kaɗai. Yaron talaka a makarantar da galibin yaranta 'ya'yan masu hali ne yakan fi takwaransa da ke makarantar da kowa talaka ne, saboda a can malamai sun fi daɗewa, fashin aji ya fi ƙaranci, kuma ba a ɓata rabin zango ana maimaita darasin bara. Shi ya sa yadda aka rarraba talauci a cikin yanki yake da muhimmanci kamar yawansa. Binciken Sean Reardon na jami'ar Stanford a kan gundumomin makarantun Amurka ya samu tazarar kusan ajujuwa huɗu tsakanin gundumomi mafi arziki da mafi talauci.

Batun baƙin da suka ƙauro daga wasu ƙasashe ba ya tafiya hanya ɗaya. A Jamus 'ya'yansu kan zo a baya. A Ingila kuwa, Simon Burgess ya nuna a 2014 cewa fifikon makarantun Landan a kan sauran ƙasar yana da alaƙa sosai da yawan 'ya'yan baƙi da ƙananan ƙabilu, waɗanda ke ci gaba da sauri a sakandare. Wasu masu bincike sun ba shirin gyaran makarantun birnin na 2003 zuwa 2011 da ingancin firamare nasu kason yabo.

Tarkunan matsakaici

Mafi yawan kurakuran da ake tafkawa a nan suke. Na farko shi ne ruɗanin lissafi inda jimla ke nuna akasin abin da kowane rukuni ke nunawa, wanda ake jingina wa Edward Simpson da ya yi bayaninsa a 1951. A ɗauki misali na ƙirƙira. A jiha ta farko kashi 80 cikin ɗari na ɗalibai 'ya'yan masu hali ne da maki 270, kashi 20 'ya'yan talakawa da maki 240, matsakaici ya tashi 264. A jiha ta biyu masu hali kashi 40 ne da maki 275, talakawa kashi 60 da maki 245, matsakaici 257. Jiha ta biyu ta fi ta farko da maki biyar a kowane rukuni, amma a jimla tana baya da maki bakwai. Wanda ya tsaya a jimla zai yaba wa jihar da makarantunta suka fi rauni. An ga irin wannan a zahiri cikin NAEP ta 2009: Wiskonsin ta wuce Teksas a matsakaici, alhali a mafi yawan kwatancen fararen fata, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka, ɗaliban Teksas ne a gaba.

Na biyu shi ne ɗora hukuncin yanki a kan mutum. William Robinson ya nuna haka a 1950 da ƙidayar Amurka ta 1930. Jihohin da baƙi haifaffun ƙasashen waje suka fi yawa su ne rashin iya karatu ya fi ƙaranci a cikinsu, amma idan aka bi mutum ɗaya ɗaya, baƙo ya ɗan fi ɗan ƙasa yiwuwar rashin iya karatu. Baƙin sun sauka ne a jihohin da dama can ilimi ya yi ƙarfi.

Na uku, wa ya zauna jarrabawar? A jihohin Amurka da ɗalibai ƙalilan ke rubuta jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT, galibi masu neman manyan jami'o'i na nesa, matsakaicin kan yi sama. Jihar da ta wajabta wa kowa ita, sai makinta ya sauko ba tare da wani abu ya lalace ba. Shanghai ta zo ta ɗaya a PISA ta 2009, ta samu 613 a lissafi a 2012, sai masu suka suka nuna cewa tsarin rajistar mazauni na ƙasar Sin yana tura 'ya'yan ma'aikatan da suka zo daga ƙauye da yawa gida kafin su kai shekara 15. Haka nan PISA ba ta ganin yaron da ya riga ya bar makaranta, don haka yankin da yara ke ficewa da wuri zai iya bayyana fiye da yadda yake.

Sai maguɗi. A Italiya an gano cewa ajujuwan da aka tura wa mai sa ido daga waje a jarrabawar ƙasa ta INVALSI makinsu kan ragu, musamman a kudu, har hukumar ta riƙa gyara alƙaluma da lissafi. A birnin Atlanta na Amurka, rahoton bincike na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a goge amsoshin ɗalibai. Duk jarrabawar da aka rataya albashi ko kujerar wani a kanta, makinta kan kumbura. Ƙananan yankuna kuma suna yawan bayyana a can sama da can ƙasa, domin makin yara ƙalilan yana tashi yana faɗuwa daga shekara zuwa shekara.

Siyasa

A Amurka jihohin arewa maso gabas masu zaɓen Dimokurat da dama suna sama, jihohin kudu masu zaɓen Rifablikan da dama suna ƙasa, amma jerin yana da ramuka. Yuta da Wayomin na Rifablikan ne kuma makinsu na da kyau, Niyu Meziko ta Dimokurat ce tana ƙasa. A Jamus lamarin ya juye, don Bavariya da Saksoni na masu ra'ayin riƙau ne, Bremen kuma ta daɗe a hannun jam'iyyar SPD mai sassaucin ra'ayi. Dalilin kamannin da ake gani shi ne, yawan masu digiri, arziki da zaman birni suna shafar maki, suna kuma shafar ƙuri'a.

Inda siyasa ke taɓa maki da gaske shi ne wajen kuɗi da doka. Makarantun Amurka suna samun kaso mai yawa daga harajin gidaje na gunduma, kuma a 1973 Kotun Ƙoli ta ƙi rusa wannan tsari a shari'ar San Antoniyo da Rodriguez, sai faɗan ya koma kotunan jihohi. Masachusets ta yi dokar gyaran ilimi a 1993 wadda ta ƙara wa gundumomin talakawa kuɗi tare da tsaurara ma'auni. Misisipi, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci, ta yi dokar karatu a 2013: horar da malamai kan koyar da sautin haruffa, tura masu taimaka musu cikin ajujuwa, da hana yaron da bai iya karatu ba wuce aji uku. A karatun aji huɗu ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019, sannan ta 9 a 2024. Masu shakka suna cewa maimaita aji yana canja waɗanda ake gwadawa, kuma ci gaban bai kai haka ba a aji takwas. Masachusets da Misisipi na jam'iyyu daban-daban ne.

A lokacin korona, yanke shawarar buɗe makarantu ya fi bin launin jam'iyyar yanki fiye da yawan masu cutar, kuma gundumomin da suka daɗe a rufe sun fi asara. Lissafin aji takwas ya faɗi da maki 8 a NAEP ta 2022. Duk da haka a matakin jiha hoton bai fito sarai ba, don faɗuwar Kalifoniya, wadda ta daɗe a rufe, ba ta wuce ta Fulorida ba.

Yadda ake kwatanci

Mai nazari kan fara da duba kashi nawa na yaran yankin aka gwada da nawa aka cire saboda naƙasa ko harshe. PISA ta ƙayyade cirewar a kashi 5 cikin ɗari. Daga nan ya duba iyakar kuskuren samfuri, domin ratar maki biyu ko uku tsakanin jihohi sau da yawa ba rata ba ce, ko da ta raba su da matsayi goma a jeri. Sai ya rarraba makin rukuni-rukuni, ya kwatanta ɗan talaka da ɗan talaka. Abu mafi nuna aikin makaranta shi ne bin rukunin yara guda daga aji zuwa aji a ga nawa suka ƙaru. Da wannan ma'auni Reardon ya samu cewa ɗaliban Shikago, waɗanda makinsu ke ƙasa da matsakaicin ƙasa a aji uku, sun yi karatun kimanin shekara shida cikin shekara biyar kafin su kai aji takwas.