Me ake nufi da "jarumi mafi tsada"?

Wata Juma'a da la'asar muna zaune a fada a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ana jiran shayi na biyu, sai ɗan ƙanwata ya miƙo mini salularsa. "Kawu, dubi wanga, wai dala miliyan 20 aka biya shi a fim guda." Wani dattijo mai sayar da goro da ke gefenmu ya buga lissafi da ka, ya ce ai sefa miliyan 100 ke nan, akwai Alhazan garin nan da ke juya fiye da haka. Lissafinsa bai karkace ba, dalar ce ba ɗaya ba. Tamu dalar sefa 5 ce, shi ya sa muke ce wa sefa 100 dala ashirin. Ta Amurka kuwa, in aka kama ta a kan sefa 600 don sauƙin lissafi, miliyan 20 ɗinta ya kai sefa miliyar 12. Da na faɗi haka sai fadar ta yi tsit.

Amma ko bayan an warware batun dala, akwai sauran ƙulli. Kalmar "mafi tsada" da ake liƙa wa jarumai da daraktoci a Facebook da TikTok tana rufe abubuwa daban-daban a cikin adadi guda, kuma mai karatu yakan ɗauka albashi ne aka ƙirga aka damƙa wa mutum. Ba haka abin yake ba.

Biya na farko shi ne wanda mu muka sani da jinga. Kamar yadda ake yi da magini ko mai haƙar rijiya: a yi ciniki tun kafin a fara, aiki kaza kuɗi kaza, ko fim ya karɓu ko ya faɗi jarumi ya riga ya karɓi nasa. Elizabeth Taylor ta yi suna da jingar dala miliyan 1 a fim ɗin Cleopatra na 1963, a lokacin da ba a saba jin irin wannan adadi ba. A 1996 aka ba Jim Carrey dala miliyan 20 a The Cable Guy, kuma tun daga nan wannan adadi ya zama ma'aunin da manyan jaruman Hollywood ke auna kansu da shi. Jinga ba ta da wuyar ganewa, kuma ba a nan babban kuɗin yake ba.

Babban kuɗin yana cikin kaso. Duk wanda ya taɓa ba wani rago ya yi masa kiwon Layya bisa sharaɗin a raba abin da aka samu, ya san wannan tsari. Jarumi yakan rage jingarsa, ko ya bar ta gaba ɗaya, ya ce a ba shi kashi kaza cikin ɗari na abin da fim zai kawo. Jack Nicholson ya yi haka a Batman na 1989: ya karɓi dala miliyan 6 a hannu, ƙasa da abin da ya saba, ya nemi kaso, aka kuma ruwaito cewa abin da ya tashi da shi ya haura miliyan 50. Aamir Khan na Indiya, wanda masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa suka sani sarai, ya sha faɗa da bakinsa cewa ba ya karɓar jinga, kason riba yake jira. In fim ya faɗi, shi ma ya yi aikin banza.

To, a nan ne nake so mai karatu ya natsu, domin kaso iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai nisa kamar tsakanin ciniki da riba. Kowane yaron shago a babbar kasuwa ya san cinikin yini daban, ribar yini daban. Mai shago zai iya yin cinikin jika 500, amma in ya cire uwar kuɗi da kuɗin mota da na ƴan dako da haya da patanti, abin da ya rage bai fi jika 20 ba. Yanzu a ce an yi maka alkawarin kashi 10 cikin ɗari. In daga ciniki ne, jika 50 ke nan. In daga riba ne, jika 2. Kuma wanda ke riƙe da littafin lissafin shi ne zai gaya maka nawa ribar take.

Ƙalilan ne daga cikin jarumai ke da ƙarfin da za su ce a yanka musu kaso daga ciniki, wato tun daga dalar farko da ta shigo hannun kamfani, kafin a cire komai. An ruwaito cewa Sandra Bullock ta samu irin wannan a Gravity na 2013, jingar miliyan 20 da kashi 15 cikin ɗari, abin da ya kai ta kusan miliyan 70. Tom Cruise ma da irin wannan yarjejeniya aka ce ya haura miliyan 100 a Top Gun: Maverick na 2022, fim ɗin da ya yi cinikin kusan dala biliyan ɗaya da rabi. Sai dai a lura, ba duk kuɗin tikiti ke isa hannun kamfani ba. Gidajen silima kan riƙe wajen rabi.

Masu kason riba kuwa, labarinsu yakan taɓa ni. Fim ɗin Forrest Gump na 1994 ya yi cinikin fiye da dala miliyan 670. Tom Hanks, da ke da kaso daga ciniki, an ce ya samu kimanin miliyan 40. Winston Groom, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin da shi, an yi masa alkawarin kashi 3 cikin ɗari na riba, sai aka nuna masa lissafi cewa fim ɗin bai kai ga riba ba tukuna. Fim ɗaya, kasuwa ɗaya, mutum biyu. Ta yaya ake yin haka? Kamfani yakan caji fim ɗinsa da kansa kuɗin rarrabawa, da kuɗin talla, da kuɗin ruwa a kan jarin da ya zuba, har sai ribar ta narke a takarda. Wata takardar lissafi da ta fito fili a 2010 ta nuna fim na biyar na Harry Potter, wanda ya yi cinikin fiye da miliyan 900, a matsayin wanda ya yi asarar miliyan 167. Ni a ganina wannan cin amana ne da aka yi masa riga da alƙaluma, kuma wanda yake faɗawa ciki kullum shi ne marar ƙarfin ɗaukar babban lauya.

Daraktoci ma haka. James Cameron, da kuɗin yin Titanic ya hau har dala miliyan 200, ya haƙura da haƙƙinsa na darakta da kasonsa don a bar shi ya ƙarasa aikin. Fim ɗin ya fito a 1997 ya yi cinikin da ba a taɓa gani ba kafin nan, fiye da dala biliyan 1.8. Christopher Nolan an ruwaito ya samu kusan miliyan 100 a Oppenheimer na 2023. Amma wanda ya fi su hangen nesa George Lucas ne. Lokacin da yake yin Star Wars na 1977, bai matsa a ƙara masa jinga ba, sai ya riƙe ikon yin fina-finan da za su biyo baya da ikon sayar da kayan wasan yara da riguna masu hotunan fim ɗin. A 2012 ya sayar wa Disney da kamfaninsa a kan dala biliyan 4. Wannan ya wuce maganar jinga da kaso, ya zama maganar mallaka: gonar ce tasa.

Sai kuma jerin sunayen jaruman da suka fi samun kuɗi, da mujallar Forbes ke fitarwa kowace shekara, wanda daga shi ne yawancin hotunan da ke yawo a salula suke samo adadinsu. Ƙiyasi ne na abin da mutum ya samu cikin wata 12, kuma a shekaru da dama yakan haɗa da talla da kasuwanci. A 2018 George Clooney ne ya zo na ɗaya da dala miliyan 239, alhali mafi yawan kuɗin daga sayar da wani kamfanin barasa da yake da hannun jari a ciki suka fito, ba daga gaban kyamara ba. Wanda ya ga hotonsa da adadin a ƙasa zai rantse kuɗin fim ne.

Ko jingar ma ba duka take shiga aljihu ba. Dillalin da ke nemo wa jarumi aiki yana da la'adarsa, kashi 10 cikin ɗari. Manaja yana da tasa, lauya yakan ɗauki kashi 5. Harajin gwamnatin tarayyar Amurka a kan masu babban samu ya kai kashi 37, jihar Kalifoniya kuma ta ƙara nata fiye da kashi 13. Kafin a gama, miliyan 20 ta koma rabi ko ƙasa da haka.

Zuwan kallo ta intanet ya sake dagula lissafin. Netflix ba ta dogara da sayar da tikiti, don haka babu cinikin ƙofa da za a yanka wa kowa kaso. Sai ta biya babbar jinga tun farko a rufe magana. A 2021 Scarlett Johansson ta kai Disney ƙara saboda an saki fim ɗinta Black Widow a Disney+, dandalin kallo ta intanet na kamfanin, rana ɗaya da gidajen silima, abin da ta ce ya rage cinikin da kasonta ya dogara a kai. Kamfanin ya mayar da martani cewa ta riga ta karɓi miliyan 20. Bayan wata biyu suka sasanta a wajen kotu.

Mu nan mun ga irin wannan sauyi da idonmu. Da can fina-finan Kano a kaset da faifai suke tsallako iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa, furodusa ya san adadin da ƴan kasuwa suka ɗauka. Yanzu yaro ya kai salula wurin masu turi, ya ba da ƴan daloli a cika masa ita da fina-finai, ko ya kalla a YouTube. Ɗan wasa kuwa sallama ake yi masa in an tashi daga wurin ɗaukar fim, shi ke nan, ko fim ɗin ya shekara goma ana kallonsa. A 2022 dattijuwa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa akan sallame ta da naira dubu 2 zuwa dubu 5, wasu furodusoshi suka musanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan rigima shi ne, duk gardamar a kan girman sallama aka yi ta. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko tana da kaso a fina-finan da ta yi shekara da shekaru tana fitowa a cikinsu.

A Hollywood ɗin ma, masu miliyoyin nan ba su da yawa. Ƙungiyar ƴan wasan Amurka tana da mambobi wajen dubu 160, kuma lokacin yajin aikinsu na 2023, wanda ya ɗauki kwana 118, an bayyana cewa mafi yawansu ba sa samun dala dubu 26 da ɗoriya a shekara, adadin da ake buƙata a lokacin kafin mutum ya cancanci inshorar lafiya ta ƙungiyar. Ɗaya daga cikin manyan buƙatunsu shi ne a riƙa ba su wani abu duk lokacin da aikinsu ya ci gaba da kawo kuɗi a intanet.

Da na gama wannan bayani a fada, shayi na uku ya riga ya huce. Dattijon mai goro ya gyara zama ya ce da ɗan ƙanwata, "Ɗana, sake duba mini wanga na miliyan ashirin. Daga ciniki aka yanka mashi, ko daga riba?" Yaron ya ja hoton sama, ya ja ƙasa. Babu abin da aka rubuta sai suna da adadi.