Waiwaye: yadda maikiroskof na ilektiron ya fi ƙarfin jami'a ɗaya

Duk wanda ya yi sayans a sakandare ya taɓa leƙa maikiroskof ɗin nan na haske, ka ɓare fatar albasa ka ɗora a gilashi sai ka ga ƙwayoyin a jere kamar bulo. To shi wannan yana da iyaka, abin da bai kai nanomita 200 ba ba zai tantance maka shi ba komai kyan gilashin, kuma yawancin ƙwayoyin bairos ba su kai haka ba balle furotin. Shi ya sa a 1931 a Balin, Ernst Ruska da Max Knoll suka ajiye haske suka koma harba ilektiron, maganaɗisu ya zama shi ne gilashin. Kamfanin Siemens ya fito da na sayarwa a 1939, shi kuwa Ruska sai a 1986 ya samu kyautar Nobel.

Shekaru da yawa bayan nan abin na sashe-sashe ne, sashen nazarin halittu da nasa, na ƙarafa da nasa, galibi a wani ɗaki mai duhu a ƙasan gini da ma'aikaci ɗaya wanda ya san halin injin. Abu biyu ne suka rusa wannan tsarin. Na farko wajen 1998 su Harald Rose da Max Haider da Knut Urban a Jamus suka gyara dishi-dishin da maganaɗisun ke jawowa, har aka fara ganin atom ɗai-ɗai a cikin ƙarfe. Na biyu kuma, wanda ni ya fi burge ni, shi ne daskarar da samfur, wato abin da za a duba a injin. Jacques Dubochet ne a farkon shekarun 1980 ya gano yadda za a tsoma shi cikin ruwan sinadarin iten (ethane) mai tsananin sanyi ya daskare farat ɗaya kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta farfasa shi ba, Joachim Frank ya kawo lissafin da kwamfuta za ta haɗa dubban hotuna marasa kyau su ba da siffa ɗaya, Richard Henderson ya nuna a 1990 cewa za a iya kaiwa kusan matakin atom. Su ukun suka raba Nobel na kemistiri a 2017, amma abin ya riga ya fashe tun wajen 2013 da sabbin kyamarori masu kama ilektiron kai tsaye suka shigo.

Daga nan ne fa kuɗi ya yi magana. Injin irin su Titan Krios miliyoyin daloli ne, kuma saye ne ma mai sauƙin, don sai ka gina masa ɗaki wanda ƙasa ba ta girgiza, sanyin ɗakin ba ya hawa da sauka, lif ko babbar wayar wuta a kusa na iya ɓata hoto, ga ruwan naitirojin kullum, ga kuɗin kwangilar gyara duk shekara, ga data da yake zubowa terabait-terabait a rana guda wanda dole a samu inda za a ajiye, sannan uwa uba mutanen da suka iya shi waɗanda ba a wata shida ake horar da su ba. Furofesa ɗaya ba zai iya ba, kuma ko ya iya injin zai yini a zaune.

Sai aka koma taron dangi. Holan ta buɗe cibiyar NeCEN a Leiden a 2011, jami'o'i suka haɗa hannu. Birtaniya ta kafa tata cibiyar, eBIC, a 2015 a harabar cibiyar bincike ta Diamond da ke Harwell kusa da Oxford, da kuɗin gidauniyar Wellcome da hukumomin bincike na gwamnati. Amurka ta biyo a 2018 da cibiyoyi uku na ƙasa, a New York da Oregon da Stanford. A eBIC takarda za ka rubuta ka faɗi me kake son gani, masana su duba, in ta wuce a ba ka lokacinka ba tare da ka biya ba in dai kai ɗan jami'a ne, kana ma iya aika samfurin a tulun naitirojin ka yi aikin daga ofishinka ta intanet. A Afirka ta Kudu ma an buɗe babbar cibiya a Jami'ar Nelson Mandela a 2011, ita ta fi karkata ga ƙarafa da sauran kayan masana'antu.

Amfanin wannan ilimin mun gan shi a Fabrairun 2020, lokacin da ɗakin binciken Jason McLellan a Texas ya fitar da siffar furotin ɗin nan mai kamar ƙaya da ke jikin ƙwayar korona 'yan makonni kawai bayan an saki bayanan ƙwayoyin gadon bairos ɗin.

Amma gaskiya tsarin bai gama adalci ba, kuma wannan yana damuna. Layi yana da tsawo, sannan kafin ka kai samfur babban inji sai ka gwada shi sau da yawa a ƙarami ka ga ya yi kyau, wanda jami'arsa ba ta da ƙaramin kuwa ai tun a bakin ƙofa ya tsaya, kuma ɗalibanmu da yawa nan suke tsaye, ga matsalar wuta a kai. Shi kansa Henderson da abokin aikinsa Chris Russo a Cambridge sun daɗe suna cewa a ƙera mai kilobolt 100 maimakon 300, mai araha wanda jami'a talaka za ta iya riƙewa, kuma kamfanoni sun fara fito da irinsa.